Daga Saih al-Dahal zuwa Madinat Zayed: kwana huɗu a filayen sola na Daular Larabawa

Hasumiyar ce ta fara bayyana, tun kafin mu ga farantin sola ko ɗaya. Mun baro Dubai da hantsi ta hanyar Al Kudra, a makon farko na Satumba. Dogayen gine-gine suka ƙare, gidaje suka ƙare, sai rairayi da bishiyoyin gaf jefi-jefi. Can gaba, sama da hazon da ya kwanta a ƙasa, wani farin haske ya tsaya cak kamar an soke rana ta biyu a kan tsinke. Ido ba ya jure kallonsa. Kan hasumiyar tara zafin rana ta Saih al-Dahal ke nan, tsayinta mita 263, madubai kusan 70,000 sun kewaye ta, kowanne yana jefa mata haskensa.

Wurin shi ne Dandalin Sola na Mohammed bin Rashid Al Maktoum, kimanin kilomita 50 kudu da birnin Dubai, a hannun DEWA, hukumar wuta da ruwa ta masarautar. Daga nan na fara zagayen da ya kai ni Suwaihan, Tawila, Al Dafra da Madinat Zayed. Tambaya biyu na riƙe a hanya. Ƙasar da ke haƙo gangar mai kimanin miliyan 3 a kullum, me ya kai ta shimfiɗa gilashi a hamada? Kuma bayan an shimfiɗa, me ke lalacewa?

Akwai cibiyar baje fasaha a bakin dandalin da baƙi ke shiga. Cikin filin kuwa sai da izini, da takalmin kariya, da hular kwano, da riga mai ɗaukar ido. An gina shi mataki-mataki, kuma wanda ya bi matakan a jere ya karanta tarihin faɗuwar farashin sola. Na farko, a Oktoban 2013, megawat 13 ne kacal na farantan First Solar. Yau in ba a nuna maka shi ba sai ka wuce. Na biyu megawat 200, an buɗe shi a Maris 2017, ACWA Power na Saudiyya ya ci kwangilarsa a kan ƙasa da santi 6 na dalar Amurka a kowane kilowat-awa, wato yunit ɗaya na mita. A 2016 Masdar, kamfanin makamashi mai sabuntawa na Abu Dabi, ya karɓi na uku, megawat 800, a kan santi 2.99. Na huɗu shi ne mai hasumiya, zan zo kansa. Na biyar, megawat 900, ya sauko kusan santi 1.7. Na shida, megawat 1,800, santi 1.62.

Mai gaggawa zai ce ai rana ce ta yi musu yawa. Rana tana da nata kaso, don kowane murabba'in mita a nan yana samun hasken da ya haura kilowat-awa 2,000 a shekara. Amma ƙasashe masu rana irin wannan suna da yawa, ba su ga wannan rahusa ba. Tashar sola ba ta sayen mai. Kusan duk kuɗinta lokacin gini ake kashewa, shi ya sa kuɗin ruwan bashi ne ke yanke farashin wutarta. A nan gwamnati ke ba da fili, ita ke jawo babban layi har bakin tasha, hukumarta ke sa hannu za ta sayi wutar shekara 25 zuwa 35, kuma ɓangaren gwamnati ke riƙe kashi 51 zuwa 60 cikin 100 na hannun jarin kamfanin da aka kafa don tashar. Dirhami a ɗaure yake da dala, 3.67, tun 1997, mai ba da bashi ba ya fargabar kuɗi ya karye. Banki ya ga haka sai ya saki bashi mai tsawo da ruwa kaɗan. Akwai kuma abin da takardun talla ba su cika faɗa ba: hannuwan da suka kafa turaku suka ɗaure notuna na leburori ne daga Indiya, Pakistan, Bangladash da Nepal, kuma albashinsu yana cikin abin da ya sa ginin ya yi araha.

Kafin azahar ma'aunin mota ya nuna digiri 43. Na kai bayan hannu kusa da gilashin wani faranti, hucinsa ya mayar da ni. Mutane da yawa sun ɗauka zafi abokin sola ne, alhali haske take ci, zafi kuwa rage mata ƙarfi yake yi. Wat ɗin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne yana kan digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya hau sama da haka, faranti irin wanda ya fi yawa yana zubar da kimanin kashi 0.35 cikin 100 na ƙarfinsa, sababbin samfuri kuma kusan 0.30. A irin wannan rana faranti yakan kai digiri 70. Bambancin digiri 45 ke nan, asarar kusan kashi 16 cikin 100: mai wat 550 sai ya koma kusan 460, ba tare da komai ya lalace ba. Inbata ma tana da nata haƙurin. In iskar da ke shigar mata ta kusa digiri 50, ko matatar fankarta ta toshe da ƙura, da kanta take rage wutar da take fitarwa don kada ta ƙone, kuma tana yin haka ne daidai lokacin da gari ya fi buƙata.

Abin dariya, sanyi ne ke yanke yawan farantan da ake jerawa a igiya ɗaya, wato waɗanda ake haɗa wayoyinsu bi da bi. Bolt ɗin faranti yana hawa in ya yi sanyi, kuma iyakar kayan da ake amfani da su yanzu bolt 1,500 ne. Faranti ɗaya yana ba da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa kaya ba, don haka injiniya yakan duba safiyar da ta fi sanyi a Janairu, ya tsaya a faranti 26 zuwa 30. Igiyoyin suna haɗuwa a akwati mai fiyus, su wuce inbata, ta juya wutar DC da farantai ke bayarwa zuwa AC irin ta layi, a kan bolt 600 zuwa 700. Taransifomar da ke gefenta ta ɗaga zuwa 33,000, wayoyin ƙarƙashin ƙasa su kai babbar tashar rarrabawa, a can a sake ɗagawa zuwa 132,000 ko 400,000. A duk wannan doguwar hanya, abin da ya fi jawo gobara a tashoshin sola ko'ina ƙaramin abu ne kamar yatsa: mahaɗin waya. In ba a matse shi da fulayar da ta dace ba, ko aka haɗa namijin wani kamfani da macen wani, sai ya riƙa ɗumi, roba ta narke, tartsatsi ya tashi. Tartsatsin DC kuwa ba ya mutuwa da kansa yadda na AC ke yi. Wayoyin da aka binne su ma suna da tasu damuwa. Busasshen yashi ba ya kwashe zafi, kamar bargo yake. Ko dai a sa waya mai kauri fiye da lissafin littafi, ko a cike ramin da yashin da aka gauraya da ɗan siminti.

Mataki na huɗu, Noor Energy 1, shi ne mai hasumiya, kuma shi ya fi cin kuɗi, dirhami biliyan 15.78. Megawat 950 ne: 100 daga hasumiya, 600 daga madubai masu siffar kwami, 250 daga farantai. A hasumiyar ba ruwa ake dafawa ba, gishiri ne, kashi 60 na sodiyam naitiret da kashi 40 na fotasiyam naitiret, dangin takin zamani. Famfo yana tura shi sama daga tankin sanyi yana kan digiri 290 (a nan wannan ne sanyi), ya ratsa bututan da madubai ke haskawa, ya sauko tankin zafi yana kusan digiri 565, ruwa-ruwa. In an so wuta sai a bi da shi ta tukunyar tururi, tururi ya juya inji. Ajiyar tana kai awa 15, wato tashar tana iya kwana tana aiki.

Gishirin nan yana daskarewa a wajen digiri 220 zuwa 240, kuma in ya daskare a bututu aiki ya tsaya. Don haka kowane bututu da kowane bawul naɗe yake da wayar ɗumamawa a ƙarƙashin rufinsa. Da yamma akan zuƙe gishirin daga kan hasumiya gaba ɗaya, da safe a juyo wasu madubai su ɗumama bututan kafin a sake cikawa. In aka tura narkakken gishiri cikin bututu mai sanyi, nan take zai toshe. Tankin zafi kuma yana buɗewa yana tsukewa da hawa da saukar zafi, gindinsa yana jan walda. Tashar Crescent Dunes ta jihar Nebada a Amurka ta yi kusan wata takwas a tsaye daga ƙarshen 2016 saboda yoyon irin wannan tanki. Wutar madubin Noor Energy 1 kuwa santi 7.3 ake sayenta, a yarjejeniyar shekara 35, fiye da ninki huɗu na wutar farantan mataki na biyar. Kuɗin dare ake biya. A ganina ma ƙasar ba ita ce ta fi dacewa da madubi ba. Madubi yana tara hasken da ya zo kai tsaye daga ƙwayar rana ne kawai, sararin yankin Tekun Fasha kuwa cike yake da ƙura da laima masu warwatsa haske. Faranti yana cin warwatsattsen haske, madubi ba ya ci.

Rana ta biyu muka nufi Suwaihan, cikin masarautar Abu Dabi, garin da aka auna digiri 51.8 a watan Yunin 2021. Nan tashar Noor Abu Dhabi take, farantai miliyan 3.2 a fili mai murabba'in kilomita 8, ta fara aiki a 2019. TAQA, kamfanin makamashi na Abu Dabi, ke da kashi 60, Marubeni na Japan da Jinko na Sin suka raba sauran, EWEC, kamfanin ruwa da wuta na masarautar, ke sayen wutar a kan fils 8.888 (fils 100 ne dirhami ɗaya), daidai da santi 2.42. Lamba biyu ake faɗa mata, megawat 1,177 da kuma 935, duka gaskiya ne: na farko jimillar farantai, na biyu abin da inbatoci ke iya turawa layi. Da gangan ake sa farantai su fi inbata yawa, tunda awannin da faranti ke ba da cikakken ƙarfinsa kaɗan ne. Farantan nan ba sa motsi. An kafa su kamar jinkar da ba ta da tsayi, rabi na duban gabas, rabi yamma. Wannan tsari yana cusa farantai da yawa a ƙaramin fili, yana kuma ba da ƙarfi a bazara lokacin da rana ke bi ta tsakar ka, watannin da yarjejeniyar ta fi biya.

Na isa da asuba don in ga abin da ya fi damun masu aikin. Satumba watan laima ne. Da dare gilashi yana yin sanyi fiye da iska, raɓa ta sauka, ta jiƙa ƙurar da ta kwanta jiya. Na gwada a gilashin motarmu da ta kwana a waje. Da ƙarfe shida na ja yatsa, ƙurar ta biyo shi kamar kunu. Da ƙarfe tara na sake ja a gefen wurin, yatsa ya zame a kan ɓawo, sai da na sa farce. Ƙurar yankin tana ɗauke da gishiri da farar ƙasa, raɓa ta narkar da su, rana ta busar, su manne ƙwayoyin yashi da gilashi kamar siminti. Kowane dare ana ƙara shafi ɗaya. A wannan yanki farantin da aka bari yakan zubar da kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 a kowace rana. A wata guda an haura kashi 10, kuma guguwar yashi ɗaya tana iya yin ɓarnar makonni a yini.

Wanki da ruwa ba zai yiwu a irin wannan girma ba. Ko lita biyu-biyu aka ba farantai miliyan 3.2, wanki ɗaya lita miliyan 6.4 ne, kuma ba kowane ruwa ba, sai wanda aka cire wa gishiri, in ba haka ba ya bar fari. Shi ya sa tashar take da na'urorin shara masu sarrafa kansu sama da 1,400, waɗanda ba sa amfani da ruwa. Kowace doguwar sanda ce mai taya a kai da gindi, tana hawa firam ɗin farantai, buroshi mai laushi yana juyawa yana ture ƙura. Jimillar tafiyarsu a rana kusan kilomita 1,600 ce. Sirrin aikin lokaci ne: a share bayan rana ta faɗi, kafin raɓa ta sauka. In aka makara buroshi ya sami laima, to shafe gilashin zai yi da taɓo. Matsalolin irin waɗannan na'urori a ko'ina iri ɗaya ne. Teburan farantai biyu in suka saɓa da 'yan santimita, na'ura ta maƙale a gadar da ke tsakaninsu. In ta maƙale a tsakiyar layi ta kwana, gari ya waye tana yi wa farantai inuwa. Batirinta yana tsufa da wuri a zafi. Buroshin da ya yi tauri ko ya kwashi tsakuwa, a hankali yake cinye siririn shafin da ke hana gilashi mayar da haske, kuma wannan asara ba ta dawowa.

Kashin tsuntsu buroshi ba ya ɗauke shi, sai hannu da ruwa, kuma ya fi ƙura haɗari. Ƙura tana rage haske daidai wa daida. Kashin tsuntsu kuwa ƙwaya ɗaya yake rufewa cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi faranti, sauran ƙwayoyin da ke jere da ita su tilasta mata wuce wuta, ta koma cin wuta maimakon bayarwa, ta yi zafi. Dayod uku da ke akwatin bayan faranti, ƙananan na'urori masu ba wuta hanyar kewaya ƙwayar da ta rufu, su ke kauce wa wannan, kowane yana tsare sulusi. In dayod ya mutu a haɗe, sulusin farantin ya tafi, kuma ido ba ya gani. Da jirgi maras matuƙi mai kyamarar gano zafi ake farautarsu, da tsakar rana: ƙwaya mai ciwo ta fito kamar garwashi, sulusin da ya mutu ya fito kamar ɗamara, igiyar da fiyus ɗinta ya ƙone ta fito gaba ɗayanta da ɗumi fiye da maƙwabtanta.

Amsar tambayata ta farko ba a hamada na same ta ba, a bakin teku ne, a Tawila, tsakanin Dubai da Abu Dabi. Nan bututun Dolphin ke fitowa daga ruwa, ɗauke da iskar gas ta Katar tun 2007, kimanin kubik ƙafa biliyan 2 a kullum. Ƙasar mai ce, amma mafi yawan wutarta daga gas take, kuma nata gas ɗin bai wadatar ba: wani mai yawan farar wuta ne da tsadar tacewa, wani ana mayar da shi rijiyoyin mai don ya turo ɗanyen mai sama, wani an sayar wa ƙasashen waje. Sai a yi lissafi. Tashar gas ta zamani tana ƙona gas kusan BTU miliyan 7 (BTU ma'aunin zafi ne da ake sayar da gas da shi) kafin ta ba da megawat-awa ɗaya. Ko a ce dala 3 ake sayen kowane miliyan, kuɗin gas kaɗai ya kai santi 2.1 a yunit, ban da gini da gyara. Sola ta zo a ƙasa da santi 2. Duk yunit ɗin da rana ta bayar, gas ne aka adana don sayarwa ko don masana'anta. Maganar sauyin yanayi tana nan, ƙasar ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa nan da 2050, ta kuma karɓi COP28, taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2023 ƙarƙashin Sultan Al Jaber, wanda shi ne shugaban kamfanin mai na ADNOC kuma shugaban hukumar Masdar. Hula biyu a kai ɗaya ta ba mutane da yawa mamaki. Wanda ya yi lissafin da ke sama ba zai yi mamaki ba.

Sai dai a Tawilar ne kuma gizo ke saƙa. Tsofaffin tashoshin gaɓar teku wuta da ruwan sha suke yi a tare: tururin da ya gama juya inji shi ake dafa ruwan teku da shi. Da bazara babu damuwa, na'urorin sanyaya ɗaki suna shanye duk abin da aka samar. Da hunturu buƙatar wuta takan faɗi kusan rabi, buƙatar ruwa kuwa tana nan. Dole injinan gas su ci gaba da ci don ruwa, su cika layi da wutar da ba a nema ba. Ga tashar nukiliya ta Baraka can yamma, tukwane huɗu na Koriya ta Kudu, megawat 5,600, mai ba da kusan rubu'in wutar ƙasar, ita ma ba a kunna ta a kashe kamar fitila. To da tsakar ranar Janairu ina sola za ta shiga? Maganin da suka kama shi ne raba ruwa da wuta. Sabuwar matatar Tawila, mai fitar da sama da kubik mita 900,000 a rana, ba ta dafa ruwa. Famfo ne ke matsa ruwan teku ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi, kowane kubik mita yana cin kimanin kilowat-awa 3, kuma ba ruwanta da inda wutar ta fito. Duk matatar irin wannan da aka buɗe, an kwance wa wani injin gas mari, an buɗe wa sola wuri.

Rana ta uku, Al Dafra, kimanin kilomita 35 kudu da birnin Abu Dabi. Megawat 2,000, farantai kusan miliyan 4, fili sama da murabba'in kilomita 20, an buɗe ta a Nuwamban 2023. TAQA na da kashi 40, Masdar, EDF na Faransa da Jinko kowanne 20. A 2020 aka ci kwangilarta a kan fils 4.97, santi 1.35. Shekara huɗu kacal ke tsakaninta da Suwaihan, amma zubin ya sauya. Farantan masu fuska biyu ne, bayansu yana cin hasken da farin yashi ke mayarwa, ƙarin da yakan kai kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Kuma suna bin rana. Kowane layi yana kan dogon bututun ƙarfe da ya miƙe kudu da arewa, ƙaramin inji da giya suna juya shi daga gabas zuwa yamma, kusan digiri 55 zuwa 60 kowane gefe. In ka tsaya shiru kana jin su: ɗan gurnani na daƙiƙa biyu, sai ƙarar ƙarfe, sai shiru, can wani layin ya amsa. Ribar bin rana takan kai kashi 15 zuwa 25 cikin 100. Da sassafe da la'asar sakaliya kuwa ba sa duban rana kai tsaye, suna ɗan komawa baya don kada layi ya yi wa na bayansa inuwa. In ƙasa ba a daidaita take ba kuma ba a gaya wa kwamfutar ba, wannan lissafi ya ɓaci.

Duk abin da ke motsi yana da abokan gaba biyu a nan, yashi da iska. Yashi yana shiga boris da giya. Iskar shamal ta arewa maso yamma kuwa ba sai ta yi ƙarfin guguwa ba: in ta sami dogon layi a kwance, tana iya sa shi murɗawa gaba da baya, murɗar tana ƙaruwa har bututu ya lanƙwashe, farantai su tsinke daga maɗaurinsu. Shi ya sa ake sa ma'aunin iska a kusurwoyin fili da abin shanye girgiza a layuka, layukan gefe a yi su da ƙarfe mai kauri, kuma in iska ta haura iyaka duk filin ya juya zuwa kusurwar fakewa. Batirin da zai juya su ko da wuta ta ɗauke, shi ne abin da mai dubawa ya kamata ya fara tambaya. A ƙasa kuma akwai sabka, fadamar gishiri da ta mamaye gaɓar Abu Dabi. Samanta ɓawo ne mai tauri, ƙasanta laka mai ruwan da ya fi na teku gishiri. Turken ƙarfe a irin wannan ƙasa sai an tsoma shi a narkakken zinki mai kauri, wani wuri a zuba masa kankare mai jure gishiri. Kafin a kafa dubbai, akan kafa 'yan gwaji a ja su da jak, sama da gefe, a ga nawa suke ɗauka. Magudanar ruwa ma ba abin rainawa ba ce. A ranar 16 ga Afrilun 2024 an yi ruwan da ya haura milimita 250 a wani yanki na Al Ain, mafi yawa tun da aka fara ajiye lissafi a 1949. Ruwa irin wannan yana zaizaye gindin turke, ya cika ramin waya.

Da ƙarfe 12:30 filin ya yi tsit. Doka ce: daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a aiki a rana daga wannan lokaci zuwa ƙarfe 3. Aikin gyara mai yawa da asuba ko da dare ake yinsa, kuma hakan ya dace da sana'ar, don faranti ba shi da makunni. Muddin haske na kansa, akwai wuta a igiyarsa.

Zangon ƙarshe shi ne Madinat Zayed, kusan kilomita 120 kudu maso yamma da Abu Dabi, ta Tarif, a hanyar Liwa. Nan rairayin ya koma ja, tuddai suka fara girma, bututan mai da gas suna bin gefen titi. Tashar Shams 1 tana nan tun Maris 2013, ita ce kakar sauran: megawat 100, madubai 258,048 a kan kwami 768, kowanne tsawonsa kusan mita 150. Madubin yana tara haske a kan baƙin bututun da ke cikin gilashi, man da ke ciki ya kai kusan digiri 390, iyakar abin da yake jurewa kafin ya fara lalacewa. Tururin da wannan mai ke bayarwa digiri 380 ne, sai a ƙara masa wuta da iskar gas ya kai 540 don inji ya yi aiki da kyau. Babu hasumiyar sanyaya ruwa. Manyan fankoki ke hura iska su mayar da tururi ruwa, abin da ke ceton ruwa mai yawa amma yana rage ƙarfi a ranar da iskar kanta ta yi zafi. An zagaye filin da katanga da raga don karya iska da tare yashi. Kuɗin gininta dirhami biliyan 2.2 ne a kan megawat 100. Bayan shekara shida Suwaihan ta ci biliyan 3.2 a kan 1,177. Kowane megawat ya yi araha kusan ninki takwas, kuma tun daga nan Abu Dabi ba ta sake gina tashar madubi irin wannan ba.

Abin da ta juya gare shi batir ne. A Janairun 2025 Masdar da EWEC suka sanar da aikin farantai na megawat 5,200 haɗe da batura masu ɗaukar megawat-awa 19,000, don a riƙa ba da megawat 1,000 ba yankewa, dare da rana, a kan kusan dala biliyan 6. Lambobin kansu suna bayani. Megawat 1,000 sau awa 24, ana neman megawat-awa 24,000 a kullum. Farantan za su ba da wajen 30,000 a rana mai kyau, rarar tana tafiya a asarar caji da ranakun hazo. Daren hunturu da gefunansa, lokacin da farantai ba su kai 1,000 ba, yakan kai awa 15 ko 16, shi ya sa batir ya zama 19,000, da ɗan abin da za a bari don tsufa. Batirin litiyam kuma yana son zama a wajen digiri 25, a ƙasar da inuwa ke kai 50. Kowace kwantena sai da na'urar sanyaya ta, kuma daga wutar da aka tara take ci.

Magariba ta same ni a bakin katangar Shams 1. Kwamin suka bi rana har ta kusa taɓa tuddai, sannan layi bayan layi suka juya suka sunkuyar da fuska. Motocin wanki suka fara fitowa da fitilunsu, kowace da tankin ruwa da dogon hannu mai buroshi, don madubi ba ya yarda da sharar busasshe kamar faranti. A cikin gari na'urorin sanyaya ɗaki ba su rage ƙara ba, ma'aunin mota yana kan digiri 38, kuma a wannan sa'a wutar da ke layin Abu Dabi ta Baraka ce da ta injinan gas na gaɓar teku.